Awon Bara Ba Ya Ɗinka Rigar Bana

A cikin watan Afrilu 'yar ƙanwata da ke zaune a Amurka ta turo mini wata takarda ta WhatsApp, wajen ƙarfe biyun dare agogonmu. A ƙasan takardar ta rubuta: "Kawu, don Allah ka duba mini. Ta bara ce, na ɗan gyaggyara." Sai bayan sallar asuba na buɗe. Takardar ba baƙuwata ba ce, domin ni na duba mata ita bara, lokacin da ta fara neman gurbin karatun likita. Na laluba cikin waya na ɗauko tsohuwar, na jera su ina bin layi-layi da yatsa. Inda a da ta ce "shekara biyu" yanzu ta mayar "shekara uku". Ta ƙara jimla guda a ƙarshe, cewa rashin samun gurbi ya ƙara mata ƙwarin gwiwa. Iyakar gyaran ke nan.

Na daɗe zaune a kan darduma da wayar a hannuna. Ban ji haushinta ba ko kaɗan, tausayi ne ya kama ni. Wanda ya zuba zuciyarsa a rubutu aka mayar masa da shi ba tare da an gaya masa laifinsa ba, ba ya son sake buɗe wannan ciwon. Amma na san in ta aika da takardar nan haka, ta cuci kanta. Abin da na gaya mata shi nake son gaya muku, ƙannena da 'ya'yana, musamman waɗanda suka ƙwanƙwasa ƙofar makarantar likitanci ba a buɗe musu ba, suna shirin komawa.

Bari in fara bayyana yadda tsarin yake a can, don ya sha bamban da namu. A Najeriya yaro yana gama sakandare zai zauna jarrabawar JAMB, a auna shi da maki cikin 400, ya yi tantancewar jami'a, in an dace ya shiga karatun shekara shida. Ba wanda zai ce masa ya rubuta dalilin da ya sa yake son zama likita. A Amurka kuwa sai ka gama digirin farko na shekara huɗu, ka zauna wata doguwar jarrabawa mai suna MCAT wadda ke cin sama da awa bakwai, sannan ka cika takardar nema guda ɗaya ta hanyar AMCAS, tsarin da ƙungiyar makarantun likitanci ta ƙasar, AAMC, ke gudanarwa. Ita ce za ta rarraba takardarka ga makarantun da ka zaɓa. A cikinta akwai bayanin kai, inda aka ba ka haruffa 5,300, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, ka faɗi wane ne kai da abin da ya kawo ka. Akwai gurbin ayyuka 15 da ka yi a rayuwa, kowanne haruffa 700, uku daga ciki waɗanda suka fi taɓa ka a ƙara maka haruffa 1,325. Bayan wannan kowace makaranta za ta aiko da nata tambayoyin na zagaye na biyu. In rubutunka ya gamsar da su sai a kira ka ganawa.

A 2021 sama da mutum 62,000 ne suka nema ta wannan hanya, waɗanda suka shiga aji ba su kai 23,000 ba. Shekarar ta fi sauran cunkoso, amma ko a shekarun da abin ya lafa, waɗanda ake mayarwa sun fi waɗanda ake ɗauka yawa. Ina kawo wannan lissafi ne don ɗana da ke ɗaki ya rufe ƙofa yana ganin shi kaɗai aka ƙi. Yaron da ya zauna JAMB sau biyu ko sau uku yana neman likitanci a Zariya ko Kano ko Sakkwato, alhali adadin ɗaliban da hukumar likitoci ta MDCN ta yarje wa kowace makaranta ƙayyadadde ne, ya san wannan zafin sarai. Shi ma ya karanta, domin ranar da zai nemi tallafin karatu a waje ko wata makarantar ƙetare, rubutun nan na jiran sa.

Tambayar farko da 'yata ta yi mini da na kira ta ita ce, "Kawu, haramun ne?" Ba haramun ba ne. Rubutunki naki ne, ba satar fasaha kika yi ba, ba kuma wanda zai hukunta ki don kin maimaita maganarki. Sai dai ki sani masu karantawa ba a duhu suke ba. Takardar neman ma tana tambaya ko kin taɓa neman wannan makaranta a baya, makarantu da yawa kuma a tambayoyinsu na zagaye na biyu suna cewa ƙarara: in ka taɓa nema, me ya sauya tun daga wancan lokaci? Mai yiwuwa tsohon fayil ɗinki yana nan a hannunsu. Ki ɗauka malamin da zai karanta ya yi abin da na yi da asuba, ya jera biyun. Me zai gani? Zai ga an ce masa wata goma sha biyu sun wuce a rayuwar wannan yarinya, ba abin da ya same ta, ba abin da ta koya, sai lamba biyu da ta koma uku. Wannan shaida ce a kanki, kuma shaidar zur ce, domin ni na san shekarar ba haka ta wuce ba.

Kafin mu je ga rubutun, akwai abin da ya riga shi. Ku da kuke son zama likitoci, kun fi kowa sanin ba a rubuta magani kafin a gano cuta. Sau da yawa yaro in an ƙi shi sai ya ɗora laifin duka a kan bayanin kai, don shi ne abin da ya fi sauƙin taɓawa, alhali ciwon yana wani wuri. Ka zauna ka tambayi kanka a ina tafiyar ta tsaya. In an kira ka ganawa sau biyu ko uku amma ba a ba ka gurbi ba, takardarka ta yi aikinta, ta kai ka har zaure. Gyaran yana bakinka, a yadda kake amsa tambaya ido da ido. In an sa ka cikin jerin masu jiran tsammani, ka kusa, ƙari kaɗan kake bukata. In kuwa ba wanda ya kira ka sam, to sai ka duba maki, ka duba makarantun da ka zaɓa, ka duba lokacin da ka aika. Makin MCAT yana tsakanin 472 da 528 ne, kowace makaranta kuma an san kewayen makin ɗalibanta. Ba a yarda ka zauna jarrabawar fiye da sau uku a shekara ɗaya ba, ko fiye da sau bakwai a tsawon rayuwa, kuma duk makin da ka samu ana ganin sa, saboda haka ba jarrabawar da ake shiga don gwada sa'a ba ce. Makarantun jihohi sun fi fifita mazauna jiharsu. Wanda ba ɗan ƙasa ba kuma ba shi da izinin zama na dindindin, makarantun da ke karɓar irinsa kaɗan ne, ya tabbatar kafin ya ɓata kuɗinsa. Wasu makarantu sukan yarda su gaya wa wanda suka ƙi inda ya gaza in ya tambaya cikin ladabi. Ka tambaya. Mai tambaya ba ya ɓata.

Da muka bi na 'yata dalla-dalla, sai muka ga babban ciwonta lokaci ne. Ana buɗe AMCAS a watan Mayu, a fara karɓar takardu wajen ƙarshen watan ko farkon Yuni, yawancin makarantu kuma ba sa jiran ranar rufewa, suna dubawa suna raba guraben ganawa tun da wuri. Ita kuwa sai ƙarshen Agusta ta aika, tana jiran sakamakon jarrabawa, tantance takardunta ya ƙara cin wasu makonni. Ta iso kasuwa rana ta yi. Ga shi makarantun da ta jera kusan duk masu manyan sunaye ne. Da ta ga haka sai ta ce, "To ai ka gani, Kawu, ba rubutun ne ya kayar da ni ba. Me zai sa in taɓa shi?"

Gaskiyarta ta wani gefen. Rubutun ba shi da laifi a lokacinsa. Labarin mahaifiyata ne, kakarta, Allah Ya jiƙanta. Tana da shekara goma sha huɗu aka kawo ta hutu Kano, ta tarar da Hajiya na fama da ciwon suga, da wani gyambo a ƙafa da ya ƙi warkewa. Hajiya ba ta kiran ta da suna sai "kishiyata", kullum kuma ita take so ta riƙe mata hannu in za a wanke ciwon. Yarinyar ta rubuta yadda take kallon likita yana warware bandeji a hankali, yana yi wa tsohuwa hira don ta manta da zafi, da yadda ta ƙudurta a ranta tun daga ranar. Na karanta bara na yi hawaye. Amma da na sake karantawa bana sai na lura da abin da ya wuce ni a da: daga farko har ƙarshe yarinyar kallo take yi. Ta gani, ta ji, ta ƙudurta. Ba inda ta sa hannu ta yi wani abu. Hoton 'yar shekara goma sha huɗu ne, wanda 'yar shekara ashirin da ɗaya ta zana.

Sai na ce mata ta ajiye maganar takarda, ta ba ni labarin aikinta. Tun Yulin bara take aikin dare a wani gidan kula da tsofaffi, tana juya marasa lafiya a gado don kada bayansu ya yi ciwo, tana ba su abinci a baki, tana canja musu zanin gado. Ranar Asabar kuma tana taimakawa a wani ɗan asibitin kyauta da baƙi 'yan Afirka ta Yamma ke zuwa. Nan muryarta ta sauya. Ta ba ni labarin wata baiwar Allah 'yar Nijar, mai kitso, wadda ba ta jin Turanci, sai Hausa da Zabarmanci. Wata uku ana auna jininta yana sama, ana ƙara mata magani, ba sauyi. Wata rana aka ce 'yata ta zauna da ita ta yi tafinta, da Hausarta ta 'yan ƙetare mai tuntuɓe. Ta gaishe ta, ta tambayi gida da yara, ta kira ta Inna. Can cikin hira matar ta zuge jaka ta fito da kwalbar magani cike, ta ce, "'Yar nan, ai na warke. Kan ya daina ciwo, shi ya sa na ajiye, kada ya ƙare a banza." Ba wanda ya taɓa gaya mata da harshen da take ji cewa hawan jini yakan zauna a jiki shiru, ba ciwon kai ba komai, yana ɓarna a ƙoda da zuciya da jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kuma maganinsa ba a shan sa don a ji sauƙi a daina. 'Yata ta ce ta rasa kalmar da za ta yi bayani da ita, sai ta tuna gara, ta ce mata ciwon kamar gara yake a azarar ɗaki, ba a jin motsinta sai ranar da rufi ya rufto. Matar ta yi shiru, ta ce, "Yanzu na gane." Da ta dawo bayan wata guda jinin ya sauka.

Minti ashirin tana magana ban katse ta ba. Da ta gama na ce, ina wannan a cikin takardarki? Ta ce, "Kawu, ai wannan ba wani abu ba ne."

Shi ne komai, 'yata. Tela ba ya ɗinka wa yaro rigar sallar bana da awon bara, ko da rigar bara ta yi kyau, domin yaron ya ƙara tsawo. Ke kin girma a wata goman nan fiye da yadda kika sani, kina neman cusa kanki cikin rigar da ta matse ki.

Amma ku kula, akwai rami a ɗaya gefen ma, kuma ya fi na farko zurfi. Wani in an ce masa ya sake rubutu sai ya ɗauka sabon dalili ake nema, ya ƙirƙiro labarin da ya fi na da ban tausayi. Bara ciwon kaka ne ya jawo shi, bana kuma haɗarin mota da ya gani yana ƙarami. Wanda ya jera biyun ba zai yarda da ko ɗaya ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a ɗakin ganawa kuma ya fi ƙurewa, domin daga abin da ka rubuta za a ciro tambaya, a bi ka da "sai me ya faru?" har sai ka ƙare. Dalilinka na gaskiya ba ya tsufa. Hajiya tana nan a sabon rubutun 'yata, ba ta fita ba. Sakin layi huɗu da ta ci a da ne suka koma jimla huɗu, domin ita ce tushe, abin da ya tsiro a kai kuma shi ake son gani. Haka kuma kada ka ɗauki rubutun abokinka da ya samu gurbi ka yi masa kwaskwarima, ko ka ba na'ura ta tsara maka labarin da ba ka rayu a cikinsa ba. Wannan shi ne ainihin haramun ɗin da ta tambaya.

Ga yadda na ce ta yi. Ta rufe tsohon fayil, kada ta kalle shi na mako guda. Ta sami wanda za ta ba labarin da baki, da harshen da ya fi zo mata, ta naɗi muryarta a waya, ta saurara, ta lura da wurin da muryar ke ɗagawa. Daga nan ta ɗauki farar takarda. Sai ta gama zubin farko sannan ta buɗe tsohuwar, duk jimlar da har yanzu gaskiya ce kuma tana da wurin zama, ta ɗauko ta ba tare da jin kunya ba. Bambancin yana da girma. Wanda ya fara daga tsohon rubutu yana gogewa yana cikewa, ƙashin bayan tsohon ne zai riƙe shi, ya ƙare da faci a kan faci.

Waccan jimla ta ƙarshe kuwa, ta cewa rashin samu ya ƙara mata ƙwarin gwiwa, na ce ta cire. Kowa haka yake cewa, kuma ba wanda zai iya auna ta. Bayanin kai ba wurin makoki ba ne, ba kuma wurin ba da haƙuri ba. Inda aka tambaye ka me ya sauya, ka amsa da abin da ake iya taɓawa: na sake jarrabawa maki ya tashi daga kaza zuwa kaza, na yi wata kaza ina aikin kaza, ga abin da na fahimta game da marasa lafiya wanda ban sani ba bara. Kada ka ambaci sunan majinyaci ko wani abu da za a gane shi da shi; sirrin mara lafiya amana ne tun kafin ka sa farar riga.

Amsoshin zagaye na biyu su ne inda gajiya ke kayar da mutane. Tambayoyin makarantu suna kama da juna, ba laifi ka ɗauki amsar wannan ka gyara wa waccan. Amma ka karanta tambayar bana da idonka, don takan sauya ko da da kalma biyu ne, ka kuma bi kowace amsa ka tabbatar ba ka bar sunan wata makarantar a ciki ba. Gurbin ayyuka ma a sabunta awoyi da bayani. Wasiƙun shaida da malamai suka rubuta ba sa bin ka daga shekara zuwa shekara a AMCAS, sai an sake aikawa, wannan kuma dama ce: ka koma wurin malamanka ka gaya musu abin da ka yi, ka nemo wasiƙa daga wanda ya ga aikinka a shekarar nan.

Masu neman Ingila su ma su ji. A can ta UCAS ake bi, ranar rufewa ga masu neman likitanci 15 ga Oktoba ce, cikin zaɓi biyar huɗu kaɗai za ka iya ba likitanci. Bayanin kai haruffa 4,000 ne, kuma daga masu shiga a 2026 an raba bayanin zuwa tambayoyi uku, saboda haka tsohon dogon rubutu ba zai ma zauna a mazubin ba. Jarrabawar UCAT, wadda masu neman likitanci ke zaunawa a can, ta shekararta ce kawai, sai an sake. Suna kuma da manhajar da ke gano rubutun da ya yi kama da na wani.

Akwai magana mai nauyi da ba zan ɓoye muku ba. Wani zai zauna gaban farar takardar nan ya rasa abin rubutawa, domin da gaske ba abin da ya sauya. Tsarin da kansa yana jawo haka: amsar ƙarshe takan zo a Maris ko Afrilu, wani lokaci har bayan nan, sabon zagaye kuma yana buɗewa a Mayu. In shekararka ta tafi a jiran saƙo, ba ka ƙara maki ba, ba ka taɓa mara lafiya ba, to gaggawar komawa asarar kuɗi ce da ƙarin tabo a fayil. Ka tsallake zagaye guda ka yi aiki. Na san nauyin wannan a gidajenmu, inda tun kana aji uku ake kiran ka Dakta, inna ta riga ta gaya wa maƙwabta, baba ya sayar da fili. Ka zauna da su ka yi musu bayani da lissafi, cikin girmamawa. Iyaye sun fi jure jinkirin da suka fahimci dalilinsa. Ka kuma tambayi zuciyarka a keɓe, ran da ba kowa, ko kai ne kake son aikin nan ko sunan ake so maka. In ka je kusa da marasa lafiya ka ji warin ciwo da kukan dare ba su kore ka ba, ka koma ƙofar da ƙarfinka. In ka ji ba nan ranka yake ba, harhaɗa magunguna da jinya da binciken lafiya da kiwon lafiyar al'umma duk hidima ce ga bayin Allah, ba kuma faɗuwa ba ce.

A tsakiyar Mayu sabon rubutun ya iso, shi ma da tsakar dare. Ya buɗe da kwalbar magani cike a tafin hannun mai kitso. Hajiya ta shigo a sakin layi na biyu, ta riƙe hannun kishiyarta, ta fita. Mun yi ta kai da kawo sau biyar, mafi yawa a kan yadda za ta faɗi maganar gara da Turanci ba tare da ta mutu a hanya ba. Daga ƙarshe ta bar ta kamar yadda ta faɗe ta, ta ƙara rabin jimla na bayani. Ta rage manyan sunaye a jerin makarantunta, ta ƙara na jiharsu. A makon farko na Yuni ta aika. Yanzu da nake wannan rubutu ba a kira ta ba tukuna, lokacin kiran ma bai yi ba. Jiya Asabar na neme ta ba ta ɗauka ba, sai da yamma ta turo saƙo cewa tana asibitin, Inna mai kitso ta zo da wata ƙawarta, ita ma jininta ya hau.